Gidan talaka a ƙasar ƙanƙara: yadda ake tsara shi ya riƙe ɗumi ba tare da ya cinye aljihu ba

Sanyin da Bahaushe ya sani baƙo ne. Hunturu zai zo da ƙurarsa, leɓɓa su tsage, kaushi ya fito, a hura wuta a tsakar gida da asuba, amma kafin hantsi ya dubi ludayi rana ta kore shi, cikin wata uku kuma ya tattara ya tafi. A Regina ta ƙasar Kanada, ko Ulaanbaatar ta Mongoliya, ko arewacin Finlan, sanyi shi ne mai gida. Ma'aunin zafi kan sauka digiri 30 ƙasa da sifili, ya yi makonni bai leƙo saman sifili ba, kuma rabin shekara ko fiye dole ne a ɗumama ɗaki in ana son a kwana lafiya. A irin waɗannan wurare kuɗin ɗumama gida haya ce ta biyu. Wanda ya gina gidan da arha ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ɗan haya kuma shi ke biyan kuskuren kowace shekara, har wani lokaci sai ya zaɓa tsakanin cefane da kunna hita.

Na rubuta wannan jagora ne don ɗaliban zanen gini, da 'yan uwanmu da neman ilimi ko neman abinci ya kai su ƙasashen sanyi, da duk mai son sanin yadda ake wannan aiki. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne tsarin kashe kuɗi: a fara da hana ɗumi fita, sai a ƙarshe a yi maganar na'urar da za ta samar da shi.

An gane haka ne bayan an sha wuya. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973, gwamnatin lardin Saskatchewan na Kanada ta nemi a gina gidan gwaji mai ɗumama kansa da hasken rana. Masu binciken da aka tara, ciki har da injiniya Harold Orr, suka lissafa suka ga babu na'urar da za ta iya ɗumama gida mai yoyon zafi ta ko'ina sai an kashe dukiya. Sai suka juya ga bango da rufi da kafofin iska. An kammala gidan a Regina a 1977. Daga baya na'urorin tara zafin rana masu tsada da aka ɗora masa suka zama kaya aka cire su, amma kaurin bangon da toshewar kafofin suka ci gaba da aiki. A 1991 aka gina gidaje huɗu a jere a Darmstadt ta Jamus bisa nazarin Wolfgang Feist da Bo Adamson, daga nan aka samu ma'aunin da ake kira Passivhaus. Babban sharaɗinsa shi ne kada ɗumama murabba'in mita ɗaya ya ci fiye da yunit 15 a shekara, irin yunit ɗin da mitar lantarki ke ƙirgawa. Gida mai murabba'in mita 80 ke nan yunit 1,200 ya ishe shi shekara guda, kuma a daren da sanyi ya fi tsanani bai buƙatar fiye da wat 800, abin da bai kai ƙarfin dutsen guga na lantarki ba. Ba dole ne kowane gidan talaka ya cika wannan ma'auni ba, amma hanyar da ake bi a kai gare shi ita ce za mu bi.

Mataki na 1: Ka san sanyin wurin kafin ka ja layi ɗaya

Abubuwa huɗu za ka nema daga hukumar yanayi da dokar gini ta garin: iyakar saukar sanyi da ake lissafi da ita, zurfin da ƙasa ke daskarewa, yawan ranakun da rana ke fitowa da sanyi, da ɓangaren da iska mai sanyi ke bugowa. Sanyi ba iri ɗaya ba ne. Na Ingila bai cika tsanani ba, amma akwai danshi da hadari. Na Ladakh a tsaunukan Indiya mai tsanani ne, amma busasshe ne ga rana tarwai. Tsarin da ya yi kyau a ɗaya zai iya ba da kunya a ɗayan.

Ka duba filin ma. Fili mai arha a bayan gari, nesa da bas da makaranta da kasuwa, yana tilasta wa iyali sayen mota, abin da suka rage a hita sai ya tafi a mai.

Mataki na 2: Dunƙule gidan, kuma ka haɗa bango da maƙwabci

Ɗumi ta fatar gida yake fita, wato bango da rufi da ƙasa. Rage faɗin fatar nan shi ne tattalin da ba ya cin ko sisi, hasali ma rage kuɗin gini yake yi. Ɗauki gida mai hawa biyu, faɗi mita 6, tsawo mita 8, tsayi mita 6. In yana tsaye shi kaɗai, bangayensa huɗu murabba'in mita 168 ne, ka ƙara rufi 48 da ƙasa 48, jimilla 264. In ka sa shi a tsakiyar jeri, dogayen bangayensa biyu suna manne da na maƙwabta, abin da ke fuskantar sanyi ya koma 168. Fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi, ba ka sayi komai ba. Gidan bene mai hawa uku ko huɗu mai iyalai da yawa ya fi wannan ma.

Saboda haka ka guji lunguna da kusurwoyi da ɗakunan da ke turo kai waje don ado. Kowace kusurwa ƙarin fata ce, ƙarin aiki ce ga kafinta, kuma nan ne iska ke samun kafa. Gida mai kusurwa huɗu da rufi mai sauƙi shi ne abokin mai ƙaramin ƙarfi. Kyau kuma ana samunsa a launi da tsarin tagogi da itatuwan da aka shuka a layi.

Akwai abu ɗaya da ba sai an koya wa Bahaushe ba, wato zaure. A ƙasashen sanyi ana yin ɗan ƙaramin ɗaki mai ƙofa biyu a mashiga, ka shigo ka rufe ta waje kafin ka buɗe ta ciki, nan kuma ake ajiye takalma da rigunan sanyi masu ƙanƙara. Mu sutura da karɓar baƙi suka sa muke yinsa, su kuma iska. Murabba'in mita biyu ko uku sun isa, kuma ba sai an ɗumama shi ba.

Mataki na 3: Fuskantar da gidan kudu

A Kano, ko a tsakiyar Disamba, rana na hawa sama da digiri 50 da tsakar rana. A Norwich ta Ingila digiri 14 kacal take kaiwa a wannan lokaci, tana rarrafe ta kudu kusa da ƙasa. Wannan ya sa haskenta ke shiga tagar kudu har ƙuryar ɗaki, ɗumi kyauta. Don haka falo da ɗakunan zama da manyan tagogi su kasance kudu, banɗaki da matattakala da ɗakin ajiya su koma arewa da ƙananan tagogi. A ƙasashen da ke kudancin duniya, irin su Lesoto, sai a juya lissafin a fuskanci arewa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne unguwar Goldsmith Street a Norwich, gidajen haya kusan ɗari na hukumar birnin, waɗanda suka ci kyautar Stirling a 2019, babbar kyautar zanen gini ta Birtaniya. Tsakanin jeri da jeri mita 14 ne kawai, sai aka karkata rufin ɓangaren arewa a kan digiri 15 don kada wani jeri ya tare wa na bayansa ranar sanyi. Har ramin jefa wasiƙa ba a huda a jikin ƙofa ba, an kai shi bangon baranda na waje don kada iska ta bi ta nan. Gidajen talakawa ne, amma an yi musu tunanin da aka saba yi wa gidajen masu hali, kuma wannan shi ne abin da nake fata ya zama ruwan dare.

Hattara da zarce gona da iri. Gilashi ya fi bango tsada, kuma da dare ya fi shi zubar da ɗumi. Gidan da aka lulluɓe da kyau da abin hana ɗumi fita in aka cika masa gilashi, da bazara sai ya zama tanda. A sa 'yar rumfa a saman tagar kudu, wadda za ta tare ranar bazara mai tsayi ta bar ta sanyi ta wuce ta ƙarƙashinta. Tagogin yamma su ne masu wuyar karewa, a rage su.

Inda rana ta wadata kuma kuɗi ya yi ƙaranci, akwai dabarar da ta karɓu a Ladakh, inda garin Leh ke kan tsayin kusan mita 3,500. Ana gina bangon kudu da tubalin ƙasa mai kauri, a shafa masa baƙin fenti, a sa gilashi a gabansa da ɗan rata. Da rana bangon ya sha zafi, da dare ya riƙa sakinsa cikin ɗaki. Sunan injiniyan Faransa Félix Trombe ake kiran wannan bango da shi. Sauran bangayen uku kuma a yi su biyu-biyu a cusa karan alkama ko garin katako a tsakani. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa da hunturu ya san yadda ƙasa ke riƙe zafin rana. Sai dai a lura, ƙasa ajiye zafi take yi, ba ta hana shi wucewa. A wurin da rana ke ɓuya makonni, bangon ƙasa tsirara sanyi zai ajiye.

Mataki na 4: Harsashi

Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ƙasa mai danshi in ta daskare a ƙarƙashin harsashi sai ta ɗaga gini, in ta narke ta sauke shi, bango ya tsage. Hanyar da aka saba ita ce a haƙa har a wuce inda daskarewa ke kaiwa, a yankin Toronto mita 1.2, a wuraren da suka fi sanyi fiye da haka. Haƙa da kankare kuwa kuɗi ne.

Norwe da Suwidin da Finlan sun daɗe da samun mafita mai sauƙi. Ana zuba daɓen kankare marar zurfi a kan allunan soson roba mai tauri da ke hana zafi wucewa, a kewaye gefensa da su, sannan a shimfiɗa wasu a kwance cikin ƙasa kewaye da gidan kamar fuka-fuki. Zafin da ke cikin ƙasa da ɗan wanda ke sauka daga gidan sai su hana wurin daskarewa. A ƙarƙashi a zuba tsakuwa mai tsane ruwa, a kuma gangarar da ƙasar waje don ruwan narkewar ƙanƙara ya yi nesa da bango. Rage kankare riba biyu ce, domin sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

Inda ƙasa ke daskare shekara da shekaru ba ta narkewa, kamar Yakutsk a Rasha, lissafin ya juya: a can ɗumin gida ne abin tsoro, don in ya narkar da ƙasar gini zai nutse. Shi ya sa ake ɗora gidaje a kan turaku, iska na wucewa ta ƙarƙashi. Wannan aikin injiniyan wurin ne, kada ka yi shi da ka.

Mataki na 5: Lulluɓa wa gidan bargo

Bargo ba ya samar da ɗumi, na jikinka yake tsarewa, saboda iskar da ke maƙale a cikin gashinsa. Haka abin da ake cusawa a bango yake, shi ya sa zan kira shi bargon gini. Akwai audugar gilashi, da audugar dutse, da niƙaƙƙiyar tsohuwar takarda da aka haɗa da maganin wuta da ƙwari, da allunan zaren katako, da dammunan karan alkama, da soson roba. Yawancinsu ƙarfinsu kusan ɗaya ne. Katako ya ninka su wucewar zafi kusan sau uku, kankare kusan sau hamsin, ƙarfe kuwa fiye da sau dubu.

Kauri nawa ya isa? Bari mu lissafa da bango mai murabba'in mita 100, ciki digiri 20, waje 20 ƙasa da sifili. Da bargo mai kaurin santimita 10, kusan wat 1,600 ke fita. Da 20, wat 800. Da 30, kusan 530. Da 40, wat 400. Ka ga goman farko da na biyu su ne masu babbar riba, daga 30 zuwa sama ribar tana raguwa. A wurare masu tsananin sanyi ana tsayawa tsakanin santimita 25 da 35 a bango. Rufi kuwa a ba shi 40 zuwa 50 ko fiye, don a saman silin zubawa kawai ake yi, babu wurin da ya fi shi arha.

Bango mafi sauƙin kuɗi a inda katako ya wadata shi ne mai firam biyu: a kafa jerin katako na waje, a kafa na ciki, a bar rata a tsakani, a hura niƙaƙƙiyar takarda da inji har ta cika dam. Kayan ba su da tsada, kuma kowane kafinta zai iya. In da bulo ko kankare ake gini, bargon ya kasance ta waje, ya lulluɓe ginin gaba ɗaya. Ni na fi karkata ga takarda da zaren katako da kara, saboda shara ce da amfanin gona ake mayarwa gini, kuma sarrafa su bai cin wuta sosai. Soson roba a bar shi inda babu makawa, wato cikin ƙasa da wurin danshi. A dogayen benaye kuwa kada a yi wasa da abin da ke cin wuta. Gobarar benen Grenfell a Landan a 2017 ta kashe mutum 72, kuma kayan da aka lulluɓe bangon waje da su ne suka yaɗa wutar. Mazauna benen yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi ne.

Sai kuma ɓarauniyar hanya. Duk inda kankare ko ƙarfe ya ratsa bargon daga ciki zuwa waje, zafi zai bi ta nan ya gudu, kamar yadda cokalin ƙarfe ke ɗaukar zafin shayi zuwa hannu. Babban mai laifi shi ne barandar bene da aka zuba ta haɗe da daɓen ciki. A ba baranda ƙafafunta ta tsaya da kanta a waje. A duba mahaɗar bango da harsashi, da ta bango da rufi, da kewayen taga.

Mataki na 6: Toshe kafofin iska

In an ce in zaɓi mataki ɗaya da ya fi kowanne riba a kan kuɗin da aka kashe, wannan zan zaɓa. Kayan aikinsa leda ce ta musamman, da salatif na gini, da gam. Sauran duk kula ce da haƙurin ma'aikata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, iska kuwa ramin allura ya ishe ta.

Ɓarnar kafa iri biyu ce. Ta farko kowa ya sani, iska mai sanyi ta shigo, mai ɗumi ta fita. Ta biyu ita ce mai rushe gida a ɓoye. Iyali mai mutum huɗu na sakin ruwa kusan lita 10 a iska kowace rana, ta numfashi da girki da wanka da shanya. Iskar ɗaki mai digiri 20 da matsakaicin danshi, in ta taɓa abin da sanyinsa ya kai digiri 9, sai ta zubar da raɓa, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke gumi. To in wannan iska ta bi kafa ta shiga cikin bango, a can ciki za ta yi gumin. Bargo ya jiƙe ya daina aiki, katako ya ruɓe, fumfuna ta tsiro. A 2020 wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a Rochdale ta Ingila, kuma binciken hukuma ya tabbatar fumfunar gidan hayarsu ce sanadi. Maganar danshi maganar rai ce.

Ga yadda ake yi. A kan zanen gidan da aka yanka a tsaye, ɗauki jan biro ka zagaye cikin gidan da layi ɗaya ba tare da ka ɗaga hannu ba, daga ƙasa zuwa bango zuwa rufi ka dawo. Wannan layi shi ne shingen iska. Duk inda biron ya tsaya kana tunani, a wurin gini ma nan za a yi kuskure, sai ka zana wurin da girma ka nuna abin da zai manne da me. A ƙasar sanyi, shingen da ke tare tururi yana ɓangaren ɗumi ne, wato ta ciki, ta waje kuma a sa abin da ke tare ruwa da iska amma yana barin bango ya bushe. Maginan Kanada na da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: aƙalla kashi biyu cikin uku na bargon ya kasance a wajen shingen. Wannan ya ba da damar barin ɗan rata na santimita 5 ta ciki don wayoyi da bututai, ta yadda mai wayarin da mai famfo ba za su huda ledar ba.

Kada ka yarda da ido, a gwada. Ana ɗaura babbar fanka a ƙofa, a rufe ko'ina, a zuƙe iskar gidan har bambancin matsi ya kai faskal 50, kwatankwacin iska mai gudun kilomita 30 a awa tana bugun gidan ta kowane gefe. Ma'aunin Passivhaus ya ce iskar da ke shigowa a awa ɗaya kada ta wuce kashi 60 cikin ɗari na iskar da gidan ke ɗauka. A yi gwajin sau biyu, na farko tun ba a rufe bango da silin ba, lokacin da za ka iya bin hayaƙi ko tafin hannu ka gano kafa ka liƙe ta nan take. A naɗa mutum ɗaya a wurin aikin wanda duk mai son huda bango sai ya nemi izininsa. Tun ran gini ran zane.

Mataki na 7: Tagogi da ƙofofi

Gilashi falle ɗaya na zubar da zafi kusan ninki biyar na mai falle biyu na zamani, mai falle uku kuma kusan rabin na mai biyun yake zubarwa. A wuri mai tsananin sanyi mai uku ya cancanci kuɗinsa, don fuskarsa ta ciki ba ta yin sanyin da zai sa mutum ya ƙara hita ko raɓa ta kwanta. Hanyar rage tsada ita ce tagogi kaɗan masu ɗan girma maimakon ƙanana da yawa, domin firam ya fi gilashin rauni da tsada. A yi su girma biyu ko uku kawai a duk unguwar don a saya a sari. Wadda ba dole a buɗe ta ba a yi ta kafaffiya, amma kowane ɗakin kwana ya samu mai buɗewa saboda gobara da iskar bazara. Firam na alminiyam tsirara kada ya shigo. A dasa tagar a tsakiyar kaurin bargon, a liƙe kewayenta da shingen iska.

Mataki na 8: Ba gidan hanci

Gidan da aka toshe dole a ba shi hanyar numfashi, in ba haka ba an gina tulu ne. Kowane mutum na buƙatar kusan cubic mita 30, wato ɗaki ƙarami cike, na sabuwar iska a awa. Buɗe taga a sanyin 20 ƙasa da sifili zubar da kuɗi ne, kuma mutane ba sa yi. Abin da ake sawa shi ne na'urar musayar iska: fanka ɗaya na zuƙe gurɓatacciyar iska daga kicin da banɗaki, ɗaya na shigo da sabuwa zuwa falo da ɗakunan kwana, su gitta juna ta cikin siraran faranti ba tare da sun gauraya ba, mai fita ta miƙa wa mai shigowa ɗuminta. Mai kyau tana ceto kashi 75 cikin ɗari ko fiye.

A ajiye ta cikin ɓangaren ɗumi na gidan, bututai su zama gajeru kuma miƙaƙƙu, a tabbatar samfurin yana da kariya daga daskarewa. A kula da ƙara ƙwarai. Na'urar da ke hana barci, ɗan haya zai kashe ta, daga ranar kuma danshi ya fara taruwa.

Mataki na 9: Yanzu ne za a yi maganar hita

Bayan duk wannan, abin da ya rage a ɗumama kaɗan ne. Jikin kowane mutum na ba da kusan wat 80 zuwa 100, ga girki, ga firji, ga rana. A lissafa buƙatar gidan a sayi daidai ita, domin kuɗin da aka rage a nan ne ke biyan ƙarin bargo da tagogi. Inda lantarki ke tsaye, famfon zafi ya fi komai. Na'urar sanyaya ɗaki ce aka juya, tana kwaso zafi daga iskar waje ta zuba ciki, kuma da yunit ɗaya na wuta tana ba da kusan uku na ɗumi. Samfuran da aka yi don ƙasashen sanyi na aiki har a digiri 25 ƙasa da sifili, ko da yake ƙarfinsu na raguwa. Fiye da rabin gidajen Norwe da shi suke amfani. In garin na da bututun ruwan zafi na gama-gari, kamar biranen Finlan da Denmak, a jona.

In itace ko kwal za a ƙona, murhun ya zama rufaffe, mai bututun hayaƙi da bututun shan iska daga waje, a kuma liƙa na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid. Unguwannin tantuna na Ulaanbaatar sun nuna abin da ke faruwa in dubban gidaje marasa bargo suka dogara da kwal: hayaƙin ya kai gwamnati ta haramta ƙona ɗanyen kwal a birnin a 2019. Ga 'yan uwa da suka saba da kaskon gawayi ina roƙo, kada a shigar da shi rufaffen ɗaki, ko a Jos ko a Toronto. Iskarsa ba ta da wari, kuma cikin barci take kisa.

Farantan sola su zo a ƙarshe. A bar musu wuri a rufin kudu da bututun waya tun yanzu, a saya in kuɗi ya samu.

Mataki na 10: Inda za a rage kuɗi, da miƙa makulli

Kasafi zai matse, kullum yana matsewa. In ya matse, tambayar ita ce: me za a iya canzawa bayan shekara goma cikin sauƙi? Kabad ɗin kicin, tayil, fitilu, fenti, duk za a iya. Bargon ƙarƙashin daɓe da shingen iska na cikin bango kuwa sai an rushe. A rage a na farko, a bar na biyu. A kuma rage girman gida da 'yan murabba'in mita kafin a rage kaurin bango. Maimaita zane ɗaya sau da yawa na sauke farashi, kuma a ƙasar da lokacin gini gajere ne, haɗa bangaye a masana'anta a kawo su a mota na ceton watanni, ga aikin liƙi ya fi kyau a ƙarƙashin rufi fiye da cikin iska da safar hannu. Wajen gamsar da mai ba da kuɗi, a nuna masa haya da kuɗin wuta a haɗe, don su biyun daga aljihu ɗaya suke fita.

Ranar miƙa makulli a zauna da iyalin rabin awa, da harshen da suke ji. A nuna musu inda matatar na'urar iska take da yadda ake canza ta, sau biyu a shekara ko yadda kamfanin ya ce, da maɓallin ƙara ƙarfinta lokacin girki da wanka. A gaya musu kada a kashe ta da sanyi, kada a buga dogon ƙusa a bangon waje, kada a toshe ratar da aka bari a ƙarƙashin ƙofofin ciki don iska ta zagaya. A rubuta wannan a takarda ɗaya mai hotuna a liƙa a jikin na'urar, domin ɗan haya na gaba ba zai samu wannan zaman ba. Sannan a koma bayan sanyin farko da na biyu, a karanta mita, a kwatanta da abin da aka lissafa, a taɓa kusurwoyi da bayan kabad a ji ko akwai danshi, a tambayi uwargida wane ɗaki ne yara ke gudu da dare.